Malama Herminia da Jan Fitsari

Ranar Talata da hantsi takarda ta iso daga sufeton makarantu. Ranar Alhamis iyayen yara za su zauna a kan gwaggona, Malama Herminia Cantú, su yanke ko za ta ci gaba da koyarwa a Noria Vieja ko a ɗauke ta. Shekararta ashirin da bakwai a ajin nan. Ni na miƙa mata takardar da hannuna, don a-kori-kurata ce ke shiga gari ɗauko jarkokin ruwan sha, kowane saƙo ta kaina yake bi. Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta sa a aljihun riga, ta ce in sauke mata jarka biyu. Abin da nake zaton ba ta sani ba shi ne bakina ne ya jawo takardar.

Gwaggo gajera ce, tana ɗan jan ƙafar hagu tun wani jaki da ya taka ta tana yarinya. Kakana makiyayin awaki ne, bai san harafi ko ɗaya ba, amma da malamin wancan zamani ya ce masa yarinyar na da kai, sai ya sayar da bunsuru biyu ya sa ta a mota zuwa kwalejin horon malamai. Ta tafi tana 'yar shekara goma sha biyar, ta dawo da takardar shaida da tabarau, ba ta sake ƙaura daga ƙauyen ba. Ba ta yi aure ba. An ce wani mai haƙa rijiya ya taɓa rubuto mata wasiƙar soyayya, ta ba shi maki huɗu cikin goma ta mayar masa. Ita ta riƙe ni tun da babana ya tsallaka arewa zuwa Amirka ya manta da mu. Ni ne kuma ɗalibi ɗaya tak a tarihin ƙauyenmu da ya gudu daga ajinta alhali a ɗakinta na baya yake kwana. Na yi birnin Monterrey, na yi wankin mota, na yi gadin gidan kaji, na dawo ba ko jaka. Ta dai ƙara tortiya biyu, wainar masarar nan tamu, a kan tanda.

Lissafi ita, kimiyya ita, don ita kaɗai ce a ajin. Amma inda ranta yake shi ne labarin mutanen Sifaniya na farko, waɗanda jiragen ruwansu suka farfashe a gaɓar teku wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, suka yi ta gararamba a irin wannan daji namu, har 'yan ƙalilan suka tsira suka rubuta abin da suka gani. Littafin makaranta shafi guda ya ba su, da zanen wani ƙato cikin sulke riƙe da tuta. Duk shekara sai ta ɗaga shafin ta ce, "Ku kalle shi da kyau, ba za ku sake ganinsa ba. Wanda ya iso nan ko wando ba shi da shi."

Sai ta jawo gwangwanin biskit. A ciki akwai kwafin ainihin rubuce-rubucen mutanen, waɗanda ta tara a lokutan hutu, tana hawan bas awa biyar zuwa ɗakin karatu na birni. Rubutun tsohon yayi ne, yara na karanta shi kamar masu taunar tsakuwa. Ba ta yarda a haddace. Tambaya uku take yi wa kowace takarda, ko daga barci aka tashe ni zan kawo su: wa ya rubuta, wa yake so ya karanta, wa ya bari bai ambata ba.

"Mutumin nan ya ce sun yi watanni ba abinci sai saiwa. Wa ya nuna masa saiwar?"

"Mutanen wurin, Malama."

"Sunansu?"

Aji ya yi tsit.

"To kun gani. Sarki yake rubuta wa, muƙami yake nema. Ya tuna sunan manyan da suka mutu, matar da ta tono masa abinci kuwa ta zama wata mata. Yunwarsa gaskiya ce, kar ku raina ta. Amma in kuna sauraronsa ku dafe aljihunku."

Tana da wata al'ada ta Juma'ar farko ta Satumba, lokacin da 'ya'yan nopal, wani tsiron dajinmu mai ƙaya, suka nuna. Takan kwashi ajin zuwa daji su tsinko jajayen, su share ƙayar da tsintsiyar ciyawa, su yi abincin rana da su kaɗai, ba tortiya ba wake, don su ji abin da mutanen can suka rayu a kai. Ranar ba ta karanta musu komai. Ciki kafin takarda, in ji ta. Sai Litinin take fito da shafin da wani Basifaniye ke ba da labarin yadda ya ci jajayen nan, ya je fitsari ya ga ja wur, ya ɗauka jininsa ne ke tsiyayewa, ya fara sallama da duniya. Ajin kan kece da dariya har da buga benci. A Noria Vieja yaron da aka yaye jiya ma ya san jan nopal na rina fitsari, kwana ɗaya ya washe. Abin da kowa ya sani kuwa ba mai ɓata bakinsa ya faɗa.

Bana akwai baƙo a ajin. Dilan, jikan Doña Tiburcia, ɗan shekara goma sha uku, haihuwar Chicago. An koro ubansa Rogelio daga Amirka, ya zauna Monterrey yana walda. Uwar ta tsaya can Chicago tana aiki biyu, ba mai kula da yaron, sai aka kawo shi wurin kaka tun Yuli. Yana jin harshenmu, amma in zai yi magana kamar mai tafiya da takalmin aro. Yara na ce masa Ɗan Amirka. Sai ya zauna ƙarshen benci yana kallon fararen kambas ɗinsa da ƙasarmu ke ci a hankali.

Ni na kai su dajin ranar Juma'ar, yara ashirin da huɗu a bayan mota kamar kaji ranar kasuwa. Na ga Dilan a gefe yana juya ɗan nopal a hannu, na fere masa ɗaya da wuƙata.

"Ɗan Amirka, wannan ba ya zuwa a kwali. Nawa za ka iya?"

Ya ci goma sha ɗaya. Yara suna ƙirga masa suna tafi, bakinsa ja kamar kura ta samu gawa, kuma ranar na fara ganin haƙoransa. Gwaggo ta dube ni ta gyaɗa kai, abin da ba ta cika yi min ba.

Da la'asar ana shirin komawa, ya biyo ni bayan mota ya ja min riga.

"Yaya Nicanor. Idan mutum ya yi fitsari ya ga ja fa?"

"Ja yaya?"

"Kamar jini."

Na ɗaure fuska. Na kama wuyan hannunsa kamar likita, na dubi agogon da ba ni da shi. "Kash! Irin na mutanen Sifaniya ke nan. Kwana uku suke yi. In ka tashi tafiya ka bar min kambas ɗin nan, ƙafarmu ɗaya."

Na jira ya yi dariya. Wallahi na jira. Sai Gwaggo ta ƙwala kira daga gaba a zo a ƙirga kai, na yi tsalle na shige mota. Kafin mu kai kwanar rijiya na manta. Asabar ma a gari na wuni ina neman wata mai sayar da katin waya da ba ta san ina yi ba.

Daga baya na ji yadda ya yi kwanakin. Bai tambayi kowa ba, don kada a ƙara masa suna. Bai kawo 'ya'yan nopal a ransa ba. Doña Tiburcia ta ga ya ƙi cin wake, ta ji labarin goma sha ɗayan nan, sai ta yi ta fere masa ragowar da aka raba wa yara. Jan bai washe ba.

Lahadi ta dawo daga coci ta tarar da takarda a ƙarƙashin kwanon gishiri. Aka kaɗa ƙararrawar coci. Yaron ya yanki daji zai fita babbar kwalta, kilomita ashirin da biyu, da kwalbar lemo ɗaya, a ranar da ƙadangare ma ya nemi inuwa. Maza suka bazu, wasu a doki wasu a babur. Ni ina tuƙi ina kiran sunansa, muryata na rawa, mutane suna cewa, "Ka ga Nicanor, ashe yana da zuciya." Gab da la'asar Melitón makiyayi ya same shi a ƙarƙashin busasshen kwalbati, leɓe ya tsage, jiki zau ba ɗigon gumi. Ni na kai shi asibitin gari. Gwaggo na baya ta ɗora kansa a cinya, tana kwarara masa ruwan jarkokina ɗaya bayan ɗaya. A ƙofar asibiti ya buɗe ido ya gan ni, ya mayar ya rufe.

Likita ya ce rana ce ta kusa gama shi, ƙodarsa ta jigata, sai an riƙe shi kwanaki ana ƙarin ruwa. Ya ce jan fitsarin ba komai ba ne, har ya so yin murmushi ya fasa. Amma ƙauye ya riga ya haɗa nasa labarin. Malama ta kai yara daji ta hana su abinci. Malama ta cika wa yaro kai da matattu har ya ɗauka shi ma ya bi sahu. Waɗanda 'ya'yansu suka taɓa faɗuwa jarrabawa a hannunta duk suka samu baki. Rogelio ya iso daga Monterrey da kayan aiki a jiki, ya buga wa sufeto waya a tsakar asibiti, kowa na ji. Hannun Rogelio kamar faifai yake. Na tsaya ina kallon hannun, abin da na zo faɗa ya koma ciki.

Dilan kuwa duk wanda ya tambaye shi wa ya ce zai mutu, sai ya juya fuska bango.

Ranar Laraba da rana Gwaggo ta kira ni ƙarƙashin rumfa. Ta aro takardar yaron wurin Doña Tiburcia, ta shimfiɗa ta a tebur ta danne da kwanon gishiri kamar yadda take yi wa na cikin gwangwani. Tun Lahadi ba ta ci abin kirki ba. 

"Zauna. Karanta min, idona ya gaji."

Na karanta. "Kaka ki yi haƙuri. Ina da ciwon mutanen Sifaniya. Yau kwana na uku. Zan je in ga Mama. Kar ki gaya wa Baba, zai yi fushi. Na ɗauki takalmin Kaka namiji. Nawa suna bakin ƙofa, akwai mai so."

"Wa ya rubuta?"

"Haba Gwaggo, ni da na bar makaranta."

"Ba ka bar wannan ba. Wa ya rubuta?"

"Yaro."

"Yaron da ke cikin tsoro. Wa yake so ya karanta?"

"Kakarsa."

"Don haka ya tausasa. Bai ce mutuwa ba, ya ce kwana na uku." Ta sa yatsa a kan kalmar. "Ni ban taɓa ce musu kwana uku ba. Babu shi a takarduna. Yaro mai tsoro yakan ce zan mutu, ba ya yanka wa kansa wa'adi. Wani ne ya ba shi lissafin nan." Yatsan ya gangara layin ƙarshe. "Akwai mai so."

Ba ta yi tambaya ta ukun ba. Ta sauke ido ta dubi ƙafafuna, da tsofaffin takalman da babban yatsana ke leƙowa. Ta daɗe tana kallo. Kaza ta hau tebur ba wanda ya kore ta.

"Gwaggo," na ce, "jarkokin Don Evaristo suna mota tun safe."

"Je ka kai masa," ta ce.

Na tafi. Na kai har kwanar da ke fita Monterrey, na tsaya da mota a kunne kusan rabin awa. Man da ke ciki zai kai ni. Na juyo ne kawai don motar ba tawa ba ce duka, ita ta cika min kuɗinta, kuma ko ni ina da iyakar rashin kunya.

Alhamis ƙarfe huɗu aka cika ajin. Manya sun maƙale a bencin yara, gwiwa a haɓa. Don Evaristo, shugaban iyayen yara, na gaba da hularsa a cinya. Sufeto na gefe da biro uku a aljihu yana fifita da fayil. Doña Tiburcia ta zauna layin farko da baƙin gyale. Rogelio bai zo ba, yana asibiti wurin ɗansa. Gwaggo ta tsaya jikin allo, ta ƙi kujera.

Aka fara. Wata ta ce 'yarta ta yi mafarkin tsirarun mutane. Wani ya ce shi ma ya yi ajin nan, ya ci nopal ɗin, ga shi da ransa har da tumbi. Aka ce masa ya zauna, da ma shi ba abin da ba ya ci. Don Evaristo ya ce a zamaninsu tarihi sunaye ne da shekaru, ba wanda ya taɓa kwana asibiti saboda shekara. Sufeto ya duba agogo ya ce tambaya ɗaya ce: wa ya sa wa yaro cewa zai mutu?

"Malama, ke ce?"

"Ban ce masa zai mutu ba."

"To wa?"

 Ta kalli saman kawunan mutane, ba ta kalli ƙofa inda nake jingine ba. Sufeto ya cire murfin biro. Na ga bayan wuyanta ya jiƙe.

Ban san lokacin da na shigo tsakiya ba. Na so in fara da wata 'yar magana mai sa dariya, kamar kullum, na lalubo ba ko ɗaya.

"Ni ne," na ce. "Ya tambaye ni, na ce masa kwana uku. Wasa nake. Har na ce ya bar min takalmi."

 Doña Tiburcia ta miƙe a hankali, ta tako har gabana, tsayinta bai wuce ƙirjina ba. Ta cire silifa ta zuba min a kunne, ta sake, ta sake. Ba wanda ya riƙe ta, ni ma ban kare ba.

"Ɗan banza! Tulun surutu! Ni ina fere masa, ina fere masa, ashe ƙara masa nake!" Sai kuka ya ƙwace mata, aka zaunar da ita.

Sufeto ya sauke numfashi kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya ce to magana ta ƙare, laifin na wani ne da ba ma'aikaci ba, zai rubuta haka, Malama ta sa hannu kowa ya tafi gida. Ni kaina na ji sanyi, duk da kunnena na kaɗa ƙararrawa.

"Ba zan sa hannu a wannan ba," in ji Gwaggo.

"Herminia," Don Evaristo ya ce ƙasa-ƙasa, "an buɗe miki ƙofa, ki fita mana."

"Rabi ne. Wawan nan ya yi nasa, ku rubuta. Amma ni na kai yaron daji. Na san abin da jan nopal ke yi, na ajiye bayanin sai Litinin don in samu dariyar da na saba samu. Shekara ashirin da bakwai ina koya wa yara yadda baƙo ke ruɗewa a ƙasar nan, ga baƙo zaune a ajina, ban gan shi ba. Kalma biyar ta isa. Ban faɗa ba. Ka rubuta wannan ma, sannan su ɗaga hannu."

Sufeto ya ce ta san abin da take jawo wa kanta? Ta ce ta sani. Ya rubuta. Ana jin ƙarar biron a kan takarda. Na so in kama shi in karya.

Don Evaristo ya ce wanda ke so a ɗauke Malama ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, ɗaya, uku, bakwai, wasu na ɗagawa suna kallon ƙasa. Na ƙirga goma sha ɗaya. Ya ce wanda ke so ta zauna. Mai tumbi ya riga kowa. Melitón, da ba shi da ɗa a makarantar, ya ɗaga daga taga aka ce nasa ba ya ciki. Goma. Goma sha ɗaya. Aka tsaya a nan. Kowa ya juya wurin Doña Tiburcia, wadda ba ta ɗaga ko sau ɗaya ba.

Ta fyace hanci da bakin gyale. "Ni ma ban gaya masa ba," ta ce. "A gidana yake kwana." Ta ɗaga hannun da ke riƙe da silifar.

Sufeto ya ce za ta zauna, amma takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗinta, kuma fita daji da yara ta ƙare daga yau. Gwaggo ta karɓi biro ta sa hannu, ta ce an gode.

Sai da ajin ya watse ta bar jikin allo. Ta zauna a bencin farko tana numfashi ta baki. Na tsaya nesa kaɗan, inda hannu ba zai kai ba.

"Gwaggo, in kai ki gida?"

"Asibiti."

"Yanzu? Ki bari ki ɗan ci wani abu mana."

"Yaron nan likita ya gaya masa ba zai mutu ba. Mu ba mu gaya masa komai ba. Tada mota."

Tafiyar minti arba'in ce.  Da muka shiga harabar asibitin na hango Rogelio tsaye a bakin ƙofa, waya a kunne, yana sauraro yana kallon motata. Ya sauke wayar a hankali ya sa a aljihu.

Na kashe mota. Hannuna ya ƙi sakin sitiyari.

"Gwaggo, kin ga girman mutumin nan kuwa?"

"Na gani. Ni na koyar da shi." Ta gyara tabarau ta buɗe ƙofarta. "Kai za ka fara shiga. Ina bayanka."